Kifin da Inna ke tsince wa ƙaya

Shekarun baya, lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi ko fentin allunan ofisoshi bai gama bushewa ba, na samu shiga jami'a a Sakkwato. Ni ɗan masunta ne daga Wara, ban taɓa kwana inda ba a jin motsin ruwa ba. Abu ɗaya ya kwantar min da hankali: abokina yana can, ya riga ni shiga. Tare muka koyi iyo, kwano ɗaya muke ci tun muna yawo ba wando.

Ranar tafiyata, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta biyo ni har bakin jirgin ruwan da zai kai mu Yauri, riƙe da ƙunshi a takardar siminti. Sana'arta bandar kifi ce. A wajenmu kuwa in za ka garin da ɗan wani yake, ba a tambayarka ko za ka ɗauki saƙo, miƙa maka kawai ake yi, kuma ya zama amana.

Ta ce, "Wanga na abokinka na. Hannu da hannu za ka ba shi, ka jiya? Kak ka aje mai wurin kowa."

Ni kuma da wayona na cusa ƙunshin a akwati, tsakiyar sababbin rigunan da aka ɗinka min. Kafin motarmu ta wuce Jega komai nawa ya sha ƙarni da hayaƙi. Ranar farko ƴan ɗakinmu suka raɗa min suna Banda. A layin rajista sai in ga na gabana da na bayana suna ɗan jan jiki. Ni da na tashi ina wanka a tafkin Kainji, ga ni da bokiti ana ture ni a bakin famfo. Na yi kewar gida kamar in tattara in koma, amma ina ce wa kaina bari dai in ga abokina.

Na same shi a taron kafa ƙungiyar ɗaliban sabuwar jiha, yana neman muƙami. Ya sha shadda, yana zuba Turanci, ƴan Birnin Kebbi sun kewaye shi. Don murna na kutsa, na kira shi da sunan da ake kiransa a gida, na miƙa ƙunshin da hannu biyu.

"Ga saƙon Inna."

Bai karɓa ba. Ya dubi mutanensa ya yi ƴar dariya, ya ce wani yaro ne daga ƙauyen kakanninsu. Sannan ya ja ni bayan aji.

"Kai mi ad damunka? Nan kowa ya san babana ma'aikaci na a Birni. Ka kai shi bola ko ka canye, amma kak ka ƙara kawo min wanga abu."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Ƙunshin ya daɗe ƙarƙashin gadona, na kasa zubarwa, na kasa taɓawa, sai da yunwa ta raba gardamar. Da na kwance sai na ga an ɓare kifin sala-sala, babu ƙaya ko ɗaya. Nan na tuna, muna yara ƙaya ta taɓa maƙale masa a wuya har sai da aka kai shi asibiti a Yauri. Ashe tun daga nan Inna ba ta ba shi kifi sai ta zauna ta tsince. Ƴan ɗakinmu masu toshe hanci kuwa, su suka fi ni ci.

Da na dawo hutu, ina saukowa daga jirgi Inna ta tare ni. Shi abokin nawa bai zo ba, da ma ya rage zuwa gida.

"Ya ci? Mi yac ce?"

Na dubi fuskarta, na ce, "Ya ci, Inna. Ya ce a gode miki."

Shi ke nan na ɗaura wa kaina. Duk komawa makaranta da ƙunshi, duk dawowa da wannan amsa, har na gama. Na sake gwada kai masa a ɓoye, ya hango ni ya canza hanya.

Da Allah ya yi mata rasuwa ya zo zaman makoki a motar ofis. Ya yi kuka sosai, ya ce wa jama'a kifin Inna ne ya riƙe shi a jami'a. Ana ta cewa Allah sarki. Da zai tafi na raka shi bakin mota, na ce, "Ƙayar ba ta dame ka ba?"

Ya ce, "Haba, ai haɗawa nikai in tauna."

Muna gaisawa har yau, kuma kiran da ya yi min yaron ƙauye tuni na bar shi ya wuce. Abin da ya ƙi wucewa shi ne in na tuna Inna, idonta ya fara rauni, zaune a bakin murhun banda tana laluben ƙaya da yatsu saboda wuyan ɗanta. Har yanzu in ina cin banda na ci karo da ƙaya, sai in ture kwanon in wanke hannuna.