Ƙuraje a saiwar gyaɗa

Mun tashi da asuba daga Zinder, ni da yayata, a wata tsohuwar mota mai zuwa Tirmini. Kula ce a cinyata, cike da ƙanƙara. Ba a koma lakwal, wato makaranta, ba tukuna, shi ya sa Inna ta ce in raka ta. Da muka wuce duwatsun gari sai gero ya rufe hanya dama da hagu, ya yi kai, yana jiran girbi. Wani ɗan kasuwar Kano da ke gefena ya yi ta kukan tsadar mai, har barci ya raba shi da zancen.

Yayata karatu take a jami'a. Bara ta samo wasu ƙananan halittu a cikin ƙurajen da ke saiwar gyaɗar wani tsoho. Su ne ke ciyar da shukar. Ta gano suna da ƙwayoyin gado da babu irinsu a jikin danginsu, tana so ta kashe ƙwayoyin gadon ɗaya bayan ɗaya ta ga aikin kowanne. Sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kwana da kwanaki, firigo, firjin da ta ajiye su a ciki, ya huce, duk halittun suka mutu. In ba ta samo wasu kafin a cire gyaɗa ba, shekararta ta tafi.

Daga Tirmini muka hau amalanke. Mun tarar da tsohon a gindin gawo yana gyara ƙotar fartanya. Ya sa aka kawo mana fura mai tsami, amma bai dubi yayata ba.

"Baba, gonar nan na dawo wa," in ji ta.

"Wadda kika ce tana da ƙwayoyin cuta?"

Ashe bara, da aka tambaye ta me take nema, abin da ta faɗa ke nan, don haka aka koya mana sunansu a aji. Maganar ta zaga ƙauyen. Shi da ake zuwa neman iri wurinsa tun daga nesa, bana ko maƙwabcinsa bai zo ba.

Yayata ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba a kunnena kika ɓata ta ba, 'yata. A bakin masallaci ne."

Bayan azahar ta tsaya can gefe da mayafinta, maza na fitowa daga masallaci. Ta ce ba cuta ba ce, taki ne Allah ya ajiye a saiwa. Wani mai jar hula ya ce, "To in ba cuta ba ce, me ya sa bara kika sa safar hannu?" Aka yi 'yar dariya.

Ta nufi gonar, mutane na biye. Ta tona da hannunta tsirara, ta fasa ƙurji ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Ta ɓare gyaɗa ɗanya ta ci, ta miƙo mini, ni ma na ci duk da idanun da ke kaina. Mai jar hula bai karɓa ba. Mutum biyu sun karɓa.

Tsohon ya tumɓuko wasu shukokin gyaɗar da kansa ya sa a kula.

Mun iso gida da magariba, ƙasa a faratanmu. Ban sani ba ko za a koma neman iri wurinsa, sai damina ta zo. Yayata za ta yi shekaru tana binciken abin da ido ba ya gani, amma na lura tun a mota ta daina cewa ƙwayoyin cuta. Ni ma ban sake faɗa ba, ko da yake har yanzu ba mu da wani sunan.