Ƙarshen Fim da Gyaɗar Yaya

Shekarar da na dawo Kafin Dafga hutu daga kwaleji, wani fim ya hana ni sakat. Kashi na biyu ne na labarin wani jarumi mai tashi sama, irin mai fassarar nan da mutum ɗaya ke yi wa kowa murya, har mata. Mai turin finafinai a Karaye ya zuba mini shi a waya, sai fim ɗin ya yanke daidai inda jarumin ya ajiye zoben aurensa, ya bar gida don ya tsare wani gari. Zai dawo ko ba zai dawo ba? In na zauna sai in miƙe.

Lokacin cirar gyaɗa ne, ruwa ya ɗauke. In ƙasa ta bushe, 'ya'yan a ciki suke tsinkewa. Yayana, wanda ke riƙe da gonar tun rasuwar Baba, ya ce kwana biyu kawai gare mu. Ni kuwa ina cira ina zuba masa surutu.

"Yaya, mutumin nan fa komai ya bari saboda jama'a, kuma ba wanda ya san fuskarsa!"

"Allah sarki," ya ce, bai ɗago ba. "Kama daga can."

Washegari na ce cikina na ciwo. Yana fita gona na hau acaɓa sai Karaye. Mai turin ya ce nasa ma guntu ne, in gwada Rogo. Na wuce Rogo, na samu, na kalle shi a tsaye a bakin shago. Jarumin bai dawo ba. Har da ƙwallata.

Da la'asar na iso gona. Ƙasa ta yi tauri, Yaya na tonon gyaɗa da fartanya shi kaɗai, rabin gonar ko taɓawa bai yi ba. Bai yi mini faɗa ba, ya dai aike ni ɗakinsa in ɗauko buhu. A ƙarƙashin buhunan na ga wata takarda a leda. Ta samun gurbi ce a kwalejin da nake, da sunansa, ta shekarar da Baba ya rasu. Ban taɓa sani ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Na kai masa buhun. Ya karɓa, ya share gumi.

"To," ya ce, "jarumin naka ya koma gida kuwa?"

Na karɓi fartanyar daga hannunsa.