Rinin Furfurar Talatu

Akwai rana guda a aikin nan da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ku da kuke koyon kitso da ƙunshi a hannuna gara ku ji ta daga bakina, kada ku tsince ta a gari. Laraba ce, cikin kaka, ana tsakiyar karyar masara, a tsakar gidan su Talatu nan Ƙofa. Mu huɗu ne: ni, da Talatu mai kan, da yayarta Yaya Abu, sai maƙwabciyarsu Malama Rabi, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, wadda ba ta shigo ba sai da ɓarna ta riga ta auku.

Talatu a lokacin ta kusa hamsin, shekararta uku da rasuwar miji. Wani manomi mai shanu a Dangora ya nemi aurenta, ita ma tana so. An sa ɗaurin aure Juma'a, tarewa Asabar. Damuwarta ɗaya, furfura ta cika mata gaban goshi da gefen kunnuwa.

A aikinmu, lalle ake sa wa furfura. A tsefe kai, a wanke, a kwaɓa lalle da ruwan ɗumi da lemon tsami, a bi tsaga-tsaga ana shafawa, a ɗaure da leda. Lalle ba ya son gaggawa. Ma'aunin da gwaggota ta koya mini, wanda na yi fiye da shekara talatin ina aiki da shi, salla ce: a sa bayan azahar, a wanke bayan la'asar. In ma ya wuce haka, ƙara kamawa yake yi.

Ina kwance ƙullin lallena sai Talatu ta riƙe mini hannu.

"Inna Lami, ni ba na son jan kai kamar gemun ladan. Baƙi wuluk nake so."

Ta jawo wani ɗan kwali da ta sayo a kasuwar Bebeji, baƙin rinin nan da ake ce wa dayis. Ban taɓa sa shi a kan mutum ba, amma ban faɗa ba. Mace kamata, da ake turo amare daga ƙauyuka saboda ita, ta ce ba ta sani ba? A ciki akwai abin matsawa irin na man goge haƙori, da 'yar kwalba, da takarda cike da rubutu. Dukanmu babu mai karatun boko. Takardar na ninke ta na ba Yaya Abu ta tokare ƙafar kujera, don tana rawa.

Bayan mun yi azahar na haɗa na abin matsawar da na kwalbar, na shafa har cikin fata yadda nake yi da lalle, na ɗaure da leda, na zaunar da ita inda rana take ɗan taɓawa don ya kama da kyau.

Ba a jima ba ta fara motsi.

"Inna, yana yi mini yaji."

"Kamawa yake yi. Zauna."

Yaya Abu tana gyaran wake tana dariya. "Amarya da raki! Angon ma ai da furfurarsa zai zo, ke ce kika nace sai kin koma 'yar shekara ashirin."

Can ta sake cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, kamar an zuba mini barkono." Ta kai hannu za ta kwance ledar, na buge hannun. Kun dai san ni. Na ce, "In kika wanke yanzu kika fito da kai dabbare-dabbare, kada ki ce ni na yi miki." Daga nan ba ta ƙara magana ba. Na ga hawaye na bin kumatunta, na ɗauka na tunanin marigayi ne.

Da aka kira la'asar na kwance ledar, na fara zuba ruwa. Ban gama buta ta farko ba na ga ɓarnar. Duk inda rinin ya taɓa, daga goshi zuwa bayan kunnuwa zuwa ƙeya, fatar ta yi jawur ta ɗuri ruwa kamar ƙunar tafasasshen mai. Na taɓa gashin gaba a hankali, sai ga shi ya biyo yatsuna. Kafin rana ta yi sanyi goshinta ya kumbura ya danno idanu, har ta ce, "Yaya, ba na ganinki sosai."

Yaya Abu ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. "Sammu ne! Wallahi jifar ƙanwata aka yi! Dama ba duk dangin mutumin nan ne suke son auren ba!"

Mata suka cika bakin zaure suna leƙe. Ni kuwa, abin da ya fi ba ni kunya har yau, shiru na yi. Na san sarai ba sammu ba ne. Amma in sammu ne, to sunana ya tsira.

Ihun ne ya shigo da Malama Rabi, ta dawo daga aiki ko hijabi ba ta cire ba. Ta duba kan, ta sa aka yi ta kwarara ruwan sanyi, sannan ta ce, "Ina takardar cikin kwalin?" Aka zaro ta daga ƙarƙashin kujera. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Inna, tun yaushe aka sa?"

"Bayan azahar."

"Aka wanke yaushe?"

"La'asar."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Minti talatin aka rubuta, Inna. Kuma an ce a fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu a gani. In ya yi zafi a wanke nan take. Ta ce miki yana zafi?"

"Ta faɗa."

"Sau nawa?"

Talatu ce ta amsa, tana ƙoƙarin rufa mini asiri da idanunta a kumbure: "Ban faɗa da ƙarfi ba ne, Malama."

Aka ɗora ta a babur zuwa asibiti, aka yi mata allura, aka ba ta magani da na shafawa. Malama Rabi ta ce idanun za su buɗe in Allah ya yarda, amma kan zai ɗauki makonni. Kafin mu dawo gida, maganar sammu ta riga ta isa Dangora ta waya. Aka ce dangin ango sun fusata, suna cewa tun ba a ɗaura ba an fara kiransu masu asiri, to a bar auren.

Ga abin da nake so ku riƙe. Kowane abu da lokacinsa yake zuwa, kuma wanda kika saba da shi ba shi ne ma'aunin wanda ba ki sani ba. In ba ki iya karanta takarda ba, ki ɗauke ta ki kai wa wanda ya iya, babu abin da zai ragu a jikinki. Kuma macen da ta miƙa miki kanta, ta fi ki sanin abin da kan yake ji. In ta ce zafi, ki wanke, ku yi gardamar daga baya. Matan nan kunyarmu suke ji, za su iya zama su ƙone don kada su saɓa mana.

Washegari ina idar da sallar asuba na sa kwalin da takardar a jaka, na hau babur zuwa Dangora. Na yi sallama gidan Hajiya Dije, babbar yayar ango, na tarar da mata zaune ana ta maganar. Bayan gaisuwa na ajiye kwalin a gabanta, na ce, "Hajiya, babu wanda ya jefi Talatu. Ni ce. Da hannuna na sa mata, ta ce zafi na hana ta wankewa. Duk wadda za ta ba da labari, ta sa sunana a ciki."

Hajiya Dije ta tura kwalin gefe da ƙafa, ta ce, "Ki koma ki gaya musu gobe a ɗaura. Tarewa sai ta warke. Kuma in za ta zo, ta zo mana da furfurarta."