Ranar da Aka Tambaye Ni Ina Ofishinmu

Bayan an sake mu daga kullen korona, Madam ta tara mu a waya ta ce ba za mu koma ofis ba. Ita ce mai kamfanin tallan da nake wa aiki, Bayarabiya ce mai kaifin baki, amma ba ta da mugunta. Ta ce watannin da muka yi a gida sun nuna mata cewa aiki bai tsaya ba, to me zai sa ta ci gaba da biyan haya a Ikeja, ta sayi man janareto, ta kuma zauna jiran mutanen da goslo ya gama wahalar da su tun kafin su iso?

Ni kam murna na yi. Aikina zane ne: fosta, allunan kan titi, da 'yan hotunan da kamfanoni ke sakawa a waya. Idan talla ta Arewa ce, ni ke gyara Hausar. A da kullum sai na yi kokawar shiga motar haya ta danfo daga Agege, in isa ofis rigata ta jiƙe, kaina ba ya iya tunanin komai sai can da hantsi. Da na dawo aiki a ɗakina, sai na ga abin da ke cinye min yini guda yana ƙarewa kafin azahar. Kamfanin ma ya buɗe. Madam ta ɗauki wata mai daɗin murya a Jos, da mai haɗa bidiyo a Ibadan, da wani marubuci a Kano, mutanen da ba za su taɓa yarda su tare a Legas ba. Saboda su muka fara samun ayyukan da a da ba ma ko jin ƙamshinsu.

Matsalar daga unguwa ta fara. Gidanmu babba ne na haya, mu da Yarabawa, tsakar gida ɗaya. Saurayi yana ɗaki daga safe har yamma da kwamfuta, abin ji a kunne, yana Turanci da mutanen da ba a gani, kuma ƙarshen wata ya sayo wa mahaifiyarsa buhun shinkafa. A Legas wannan suna ɗaya ake ba shi: ɗan damfarar intanet. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa tsare Mama a bakin famfo ta ce mata da Yarabanci, cikin dariya, ta ja wa ɗanta kunne, masu wannan sana'a ba sa daɗewa. Mama ta shigo ta rufe ƙofa.

"Ka gaya min tsakaninka da Allah," in ji ta, "ba ka damfarar kowa?"

Na juyo mata da kwamfutar, na nuna mata tallan sabulun da nake haɗawa. Ta duba ta ce ta yarda, amma ita ba mutanen titi ba ce.

Ranar da abin ya faru, taransifomar layinmu ta ƙone, batirin da nake ajiye wuta ma ya mutu. Ga shi bayan azahar za mu nuna aiki ga wani sabon kamfani mai manhajar tura kuɗi ta waya, wanda ke son shiga kasuwannin Arewa. Madam ta daɗe tana bin su. Sai na tuna da Kawu, ƙanin Mama, da ke da shagon sanyaya nama kusa da abbatuwa, inda janareto ba ya mutuwa. Na sa kwamfuta a jakar goyo na fita.

Keke ya sauke ni a mahaɗa, na taka sauran da ƙafa. Ban yi nisa ba wata ƙaramar bas marar lamba ta sha gabana. Maza suka diro, duk cikin baƙaƙen riguna ba tambari, ɗaya riƙe da bindiga. Wani mai tabo a gira, wanda na gane shi ne babbansu, ya miƙo hannu ya ce da Turancin burokin, "Kawo jaka. Buɗe waya."

Na san ba a gardama. Mutanen da ke gefen titi duk suka juya kai, mai sayar da lemo ta ja tirenta baya. Ya shiga cikin hotunana yana ta murza allo da ɗan yatsa. Ya wuce hotunan 'yan matan da muka ɗauka don tallan man shafawa, ya ɗaga kai ya dube ni. Sannan ya kai ga zanen aikin ranar. Don nuna yadda manhajar za ta kasance, na zana fuskar waya mai ɗauke da saƙon shigar kuɗi, iri daban-daban, da sunayen ƙarya. Lokacin da nake zana su ban ga komai ba sai launi da girman rubutu. A hannunsa kuwa, ni kaina sai da na ga abin da yake gani.

"Alat na bogi," in ji shi. Sauran suka matso.

"Oga, talla ce. Ni mai zane ne, kamfanin talla nake wa aiki."

"To. Ina ofishinku? Mu je mu ga oganka."

Akwai katin aiki a aljihuna, amma adireshin da ke jiki na tsohon ofis ne, wanda yanzu wasu masu sayar da kayan ɗaki suka kama. In na kai su can, ba wanda ya san fuskata, na zama maƙaryaci. In na faɗi gaskiya kuma, na san yadda za ta sauka a kunnensu.

"Ba mu da ofis," na ce. "Kowa a gida yake aiki."

Suka kwashe da dariya. Mai bindigar ya kama wuyan rigata ya tura ni cikin motar.

An zaunar da ni a ƙasa tsakanin kujeru, gwiwoyina a ƙirji. Ƙarfen motar yana ƙona ni ta cikin wando. Ban ga hanya ba, sai saman gine-gine da wayoyin wuta suna wucewa. Da farko ina gane inda muke ta hayaniyar kasuwa da ƙarar jirgin ƙasa, daga baya na daina ganewa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ban san ko su waye ba. Ko jami'ai ne, ko masu shigar jami'ai, ba wanda ya nuna min komai. A unguwarmu an san samarin da aka ɗauka haka suka dawo da karaya, an kuma san wanda har yau mahaifiyarsa tana zuwa wurare tana tambaya. Na tuna ban gaya wa Mama ainihin inda za ni ba, cewa kawai na yi zan nemo wuta. Kawu ma bai san ina tafe ba. A ofis, in mutum bai zo ba, kujerarsa tana nan a fili kowa na gani. Ni ba ni da kujera a ko'ina.

Suna ta magana da Yarabanci, a zatonsu Bahaushe ba ya ji. A Agege aka haife ni, kowace kalma tana shiga kunnena. Ɗaya ya ce a kai ni wajen da aka kai na jiya, zan yi bayani. Direban ya ce wannan malla ne, wato Bahaushe, 'yan'uwansa na abbatuwa suna da yawa, a yi hankali. Na sunkuyar da kai don kada fuskata ta nuna na fahimta. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina fara wata kafin in gama wata.

Sai wayata ta yi ƙara a hannun mai tabon. Lokacin taro ya yi, kiran bidiyo ne.

"Oga, ga ogar tawa nan," na ce. "Don Allah ka ɗauka."

Ya dubi allon, sannan ya taɓa. Daga inda nake ina hango allon: Madam da gilashinta, ta Jos, na Ibadan, na Kano, da wasu baƙin fuskoki biyu na kamfanin da muke nema. Duk suna kallon mutumin da ba su sani ba.

Madam ce ta fara magana. Ta gaishe shi da Yarabanci, muryarta a kwance kamar tana cinikin atamfa. Ta ce mai wannan waya ma'aikacinta ne, tana so ta ga fuskarsa. Ya karkato wayar, suka gan ni a ƙasan mota. Na ji ta Jos ta yi salati irin nasu na Kirista. Madam ta ce duk tarukanmu ana naɗar su, wannan ma ana naɗa, don haka ya taimaka ya faɗi sunansa da inda za a kai ni, lauyanta zai same su a can.

Ya kashe wayar. Marin da ya sauke min ya sa kunnena na hagu ya toshe. A lokacin na ce a raina Madam ta kashe ni, don yanzu fuskarsa ta shiga wurin da ba zai iya gogewa ba, kuma ni ne a hannunsa. Mai bindigar ya gyara ta a cinyarsa, bakinta ya dawo saitin kafaɗata, ban san ko da gangan ba ne. Na ji fitsari yana neman kufce min.

Muka yi ta tafiya. Can direban ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, mai tabon ya yi tsaki. Motar ta gangara gefen babban titi, aka buɗe ƙofa, aka turo ni waje, jakar ta biyo baya. Wayar ba su ba ni ba.

Na miƙe, na ɗauki jakata. A gaba kaɗan akwai tankokin mai jere, masu jiran layin Apapa. Wani direba dattijo yana zaune a kan tabarma a inuwar motarsa. Na yi masa sallama. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min butar ruwa.

"Zauna tukuna, ɗana. Kada ka yi magana sai ka sha."

Da wayarsa na kira Baba. Da ya ji muryata sai ya ce, "Kana ina?" kawai, amma ina jin kukan Mama a bayansa. Ashe Madam ta riga ta nemo lambar gida.

Washegari na ji cewa taron bai watse ba. Da aka tabbatar an same ni, an sake haɗuwa da yamma, ta Jos ta buɗe zanena daga inda muke ajiye aiki a intanet ta gabatar, kuma an ba mu aikin. A taronmu na gaba Madam ta fara cewa wannan ya nuna amfanin tsarinmu, ko mutum ɗaya ba ya nan aiki ba ya tsayawa. Sai ta ga fuskata a allo, ta ce in yafe mata. Ban ji haushinta ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce gaskiyar da ta hana ni cin abinci ranar.

Ta yi abin da za ta iya. Ta saya min sabuwar waya, ta kama mana tebur a wani ofishin haɗaka don mu samu adireshi, aka buga sababbin katuna. Ta ce in ina so in riƙa zuwa can. Ban je ba, don zuwa can yana nufin goya jaka a titi. Na yi makonni ko masallacin Juma'a sai cikin ayari nake zuwa. Kunnen ya warke, amma na koma zana duk wani hoton gwaji da ƙaton rubutu a kai cewa talla ce, har na Ibadan ya fara yi min tsiya.

Baba bai ce in bar aikin ba, ko da yake na san ya so. Dillalin ƙirgi ne, shekarunsa duk a abbatuwa ya yi su. Da aka sake ɗauke mana wuta ana gobe zan miƙa aiki, da safe ya leƙo ɗakina riƙe da tsohon buhun gishirin da yake barbaɗa wa fatu.

"Naɗe na'urar taka a zani ka sa a nan."

"Baba, za ta yi wari."

"Shi ake so. Wa zai tare tsoho da buhun fata?"

Haka muka fita, shi a gaba da buhu a kafaɗa, ni a baya hannu sake kamar ban san shi ba. A mahaɗa wata bas ta rage gudu kusa da ni, na tsaya cak. Fasinja kawai ta sauke. Baba bai ko waiwayo ba, sai da ya kai ƙofar shagon Kawu ya ajiye buhun a kan firiza, ya ce in kira shi idan na tashi.