Tsagar da ke bangon ɗakin kakar Rabi

Da yawa cikinmu, in bango ya tsage, sai mu ce ƙasa ce ta motsa. Haka ɗalibata Rabi ta ɗauka.

Na biya ta gidansu a Filingue ranar kasuwa, na tarar ta fitar da shimfiɗar kakarta tsakar gida, ta tare ƙofar ɗaki. Ta ga bidiyon girgizar ƙasa a wayar yayanta, ga kuma tsaga a bangon tsohuwar.

"Mushe, gaya ma wagga ja'ira ta bar ni in koma ɗakina," in ji tsohuwa, don haka ake kiran malamin makaranta a nan. "Sauro ya cinye ni."

Rabi ta ce, idonta cike da hawaye, "In ɗakin ya faɗa mata, wa gare ni?"

Na ɗauko wata ƙwarya mai ɗinki, na ce ɓawon duniya haka yake. Manyan ɓangarori ne masu motsi a hankali, kuma girgiza ta fi aukuwa a wajen ɗinkin, inda suke gogar juna. Mu muna tsakiyar babban ɓangare. Bangon kuwa ruwan damina ne ya jiƙa shi, rana ta busar.

Rabi ta shafa ɗinkin, ta ce, "To, a yaɓe shi tukuna." Muka kwaɓa laka, ita ta fara yaɓawa, sannan ta bar tsohuwa ta shiga.

Ku sami sakaina biyu, ku goga bakinsu a gaban yaranku, su ga yadda suke sarƙewa su fizge. Ku faɗa mini abin da suka tambaye ku.