Bencin Hajo a Gindin Darbejiya

Hajo ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma ta fi kowane malami daɗewa a makarantar 'yan mata ta unguwarmu. Shekara talatin da ɗaya tana sayar da ɗanwake a gindin darbejiyar da ke bayan ajin 'yan shekarar ƙarshe. Shugabannin makaranta bakwai sun zo sun tafi, ita tana nan kan bencinta mai ƙafa uku da bulo ɗaya.

A unguwar Limancin Kona aka haife ta, gidan malamai. Ta sauke Alƙur'ani da wuri, boko kuwa mahaifinta ya ce ba a gidansa ba. Aure ya kawo ta unguwarmu, Kwarbai, gidan Malam Garba maɗinkin babbar riga, wanda katangarsa ta haɗu da tamu. Da ya rasu ya bar mata allurai da 'ya'ya huɗu, sai ta ɗora tukunya. Shekara arba'in ke nan muna maƙwabtaka. Ba zan ce jininmu ya haɗu ba, amma duk taron biki ko suna sai ta nuna ni ta ce, "Ga Batul nan, 'yar boko, kaifin basira sai ita." Ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye ba.

Ɗanwaken Hajo ba a sayensa da kuɗi kawai. Yarinya za ta miƙa kwano, ta kuma miƙa takardar gwajin da aka yi musu a makon. Hajo ba ta iya karanta abin da ke ciki, amma ta san jan biro. Ta san alamar daidai, ta san ta kuskure, ta san sifili, wanda take kira ƙwai. Sai ta duba sama da ƙasa, ta yi tsaki, ta ce, "Sakarya," sannan ta zuba mai da yaji. In yarinya ta yi kwana biyu ba ta gan ta ba, bayan la'asar za ta yafa mayafi ta nufi gidansu. Akwai wani mai sayar da taya a Ƙofar Kibo da ya tsare 'yarsa don ta riƙa jire masa shago. Hajo ta je ta zauna a zaurensa tana jan carbi, ba ta ce masa uffan ba. Abokan hirarsa suka riƙa leƙowa, su ga tsohuwa a kan tabarmarsu, su juya. A rana ta huɗu shi da kansa ya kawo yarinyar makaranta a kan babur.

Bara aka zagaye makarantar da katanga, aka sa ƙofar ƙarfe da maigadi. Darbejiya ta faɗa ciki, Hajo ta faɗa waje. Sabuwar shugaba, Hajiya Safiyatu, mace ce mai bin doka: wanda ba shi da katin shiga ba zai shiga ba. Masu abinci suka koma bakin kwata, yara na miƙo kwano ta tsakanin ƙarafa. Ciniki bai ragu ba, amma kwano ne kawai ke fitowa, takarda ba ta fitowa. Cikin wata biyu Hajo ta rame kamar mai jinya. Kullum ta leƙa ta hango bencinta, maigadi ya ɗora ƙafa a kai.

Hajiya Safiyatu ce ta kawo mafita. Ta ce gwamnatin jiha na ba da tallafi ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke kai manya cikin makarantu su riƙa jagorantar ɗalibai, kuma duk wanda aka amince da shi ana ba shi kati. Muna da wata ƙungiyar matan unguwa da muka yi wa rajista tun lokacin rikicin famfo, ni ce sakatariya. Na ɗauko takardunta a ƙasan akwati na kaɗe ƙura. Fom ɗin neman tallafin shafi goma sha biyu ne. Inda aka nemi takardun shaidar mai jagoranci, na rubuta shekara talatin da ɗaya, na ja layi biyu a ƙasa.

Da na karanta mata, Hajo ta ce ita ba ruwanta da tallafi, a saya wa yara biro. Bencinta take so.

Aka ce jami'i zai zo ranar Laraba ya gana da ita, rahotonsa ne zai yanke hukunci. Na zaunar da ita na ce, "Abu ɗaya ake so. In ya tambaye ki, ki faɗi alherin yaran nan." Ta ce to. Na san tana zaginsu, amma na ɗauka ko mahaukaci ya ga baƙo yana rufe baki.

Jami'in sunansa Malam Suhail, matashi ne mai tabarau, tashin Kaduna. An bar mu mun shiga ranar, ni da Hajo da shugaba. Ya zauna kan bencin, bulo ya motsa, ya dafe kwamfutarsa da hannu biyu.

"Iya, yara nawa kike kula da su?"

"'Yan ajin ƙarshe, su talatin da takwas. Sauran ina dubawa in na samu sarari."

"Madalla. Wane canji kika gani a karatunsu?"

"Babu."

Ya ɗago. "Ko kaɗan?"

"Kawunansu rariya, ɗan nan. Ana zubawa yana zuba. Ban taɓa ganin tarin sakarkaru irin na bana ba."

Na taka mata ƙafa.

"Batul, ɗage, kin taka ni."

Malam Suhail ya gyara tabarau. "Iya, in na rubuta haka ba za a amince da ƙungiyarku ba. Ba kati ke nan."

"Abin da ka ji shi za ka rubuta."

Ya rubuta, ya rufe kwamfuta, ya fara neman makullin motarsa. Hajiya Safiyatu ta kalli sama. Na jawo Hajo gefe na ce wane aljani ne ya hau ta. Ta yi mini raɗa, irin raɗarta da ake ji har ofishin shugaba.

"Ba ki ga idanunsa ba? Har huɗu. Baƙo ne, ban san bakinsa ba, ga shi zai kwashi sunayensu ya kai Kaduna kowa ya karanta. Jarrabawa saura wata biyu. In na yabe su kambun baka ya kama su, ke za ki rubuta musu?"

"To bencin fa?"

"Benci katako ne."

Raina ya ɓaci. Shafi goma sha biyu na cika da hannuna mai ciwon sanyi. Na ɗaga murya na ce, "Tunda kin kashe mu, ki ƙarasa. Faɗa masa wadda ta fi lalacewa, ya tafi da cikakken labari."

"Munira," in ji Hajo, ba ta ko yi tunani ba. "Wannan ko a kasuwa aka kai ta ba mai tayawa."

Hajiya Safiyatu ta tuntsire da dariya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce Munira ce ta ɗaya a ajin, zango uku a jere. Malam Suhail ya saki makullin. Ya roƙi a kawo masa takardar sakamakon ajin, aka kawo, ya riƙe ta yadda Hajo ba za ta gani ba, ko da yake ganin ba zai amfane ta ba.

"Iya, bayan Munira wa ke bi mata a lalacewa?"

"Zakiyya. Ballagaza ce."

Ta biyu.

"Sai wa?"

"Khadijat 'yar mai taya. Ƙanwar waccan da na zauna wa a zaure. Ta fi yayarta wauta."

Ta uku. Haka suka yi ta yi har goma sha biyu, sau ɗaya kawai ta saɓa, shi ma da aka duba sai aka ga malamin lissafi ne ya yi kuskuren tarawa. Malam Suhail ya buɗe kwamfutarsa. Ya sa yatsa a ƙasan takardar ya ce, "Mairo fa?"

Fuskar Hajo ta sake. "Mairo yarinyar kirki. Ga natsuwa, ga rubutu kamar na ɗab'i. Da na je gidansu makon jiya, ƙwanta biyu ne kacal, da can huɗu take kawowa. Wannan ka rubuta ta da manyan baƙaƙe."

"Iya, ita ce ta talatin da takwas."

"Na sani. Wa zai yi wa ta ƙarshe baki? Ita yabo take bukata, ko ta ɗaga kai."

Ya daɗe yana rubutu. Kafin ya tafi ya ci ɗanwake kwano biyu, ya ce kakarsa ma ba ta taɓa kiransa da abin da ya wuce shashasha ba, sai yau ya huce.

Bayan mako shida kati ya zo, da hotonta a jiki tana harara. Ta rataya shi a wuya kan carbi, ta shiga ta ƙofar ƙarfe, ta ce wa maigadi ya sauke ƙafarsa. Na tambaye ta yadda ta ga Malam Suhail, ta ce yaron banza ne, ba zai yi nisa ba. Na isar masa da saƙon ta waya, ya yi ta godiya.

A sunan jikar maƙwabciyarmu Hadiza da aka yi makon jiya, mata sun cika tsakar gida, Hajo ta nuna ni ta ce, "Ga Batul nan da ta cika mana fom, kaifin basira sai ita." Ina cikin murmushi sai lissafin ya zo mini. Shekara arba'in, ko sau ɗaya matar nan ba ta taɓa ce mini sakarya ba.

Na ɗauki takalmina na tafi gida. Kwana tara ke nan ban gaishe ta ba.