Dattijo a Ruwa Har Ƙirji

Chizuru mai gasa kifi a bakin tafkin Towada ta saki baki. Ga wani dattijo tsaye cikin ruwan sanyi har ƙirji, kwat ɗinsa ta jiƙe sharkaf, yana ɗaukar hoton itacen da guguwar jiya ta tuge. Hannun da ke riƙe da kyamarar, yatsu biyu kacal suka rage. Wane irin aiki ne ya cinye sauran?

"Baba, fito! Mutuwa kake nema?"

Ko waiwaye bai yi ba, haƙoransa sai karo suke.

"Shekara arba'in ina kayar da itatuwa da zarto, 'yata, ban taɓa tsayawa na kalli ɗaya ba. Matsa, inuwarki tana kansa."

Ta matsa.